Gyarana Yana Kwance, Makullin Yana Hannunsa

Masu cewa in ajiye aikin kawai in huta, na ga saƙonninku, na gode. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna. Waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, ga ni: ni ce auta a gidanmu, na karanta kwamfuta, daga gida nake yi wa wani ɗan ƙaramin kamfani aiki, wanda yake haɗa wa shagunan sayar da magani manhaja. Ofishina shi ne teburin da ke maƙale tsakanin gadona da durowar kaya. Kujerata ta roba ce da na ɗora wa filo, fankar ɗakin kuma sai ta ga dama take juyawa. Ni nake rubuta manhajar, ni nake gyara ta idan ta yi tuntuɓe. Abin da ba ni da shi kawai shi ne ikon sa gyaran ya fara aiki.

Bari in yi muku bayani. Manhajar ba a kwamfutata take zaune ba. Tana kan wata babbar kwamfuta can nesa wadda ban taɓa gani da idona ba, ita muke kira saba. Daga ɗakina nake tura gyara, ya je ya sauka a kanta lafiya lau. To amma sabar tamu sau ɗaya take karanta manhaja, lokacin da aka kunna ta. Daga nan ta haddace ke nan. Ko gyara nawa ka jibge mata, tsohuwar haddarta za ta ci gaba da biyawa, har sai an kashe ta an sake tayar da ita. Kashe ta kuwa ba wasa ba ne. Duk mai shagon da ke tsakiyar ciniki, fuskar kwamfutarsa za ta ɗauke, sai ya sake shiga ya faro daga farko, mai saye yana tsaye yana hararar sa. Shi ya sa aka ce mutum ɗaya ne zai riƙe wannan makulli, shi zai ga lokacin da ya dace. Mutumin nan shi ne Injiniya.

Injiniya ɗan Hajiya ne, aminiyar Umma da suka taso tare tun suna 'yan mata. Shi ya kai takarduna kamfanin, shi ya tsaya aka ɗauke ni, kuma ba a taɓa barina na manta da wannan ba a gidan nan. Tsakani da Allah ba shi da makusa a ido. Dogo ne, mai tabarau, rigarsa kullum a goge kamar ba ya zama da ita, turarensa yana riga shi yin sallama. Ba ya ɗaga murya. Ya daɗe da faɗa min yana sona, ni kuma na daɗe ina ce masa ya ba ni lokaci. Ba ƙinsa nake yi ba. Kawai idan sunansa ya fito a wayata babu abin da yake motsi a ƙirjina sai gajiya.

Shi ba a tura masa saƙo. Wai saƙo yana nutsewa cikin saƙonni, in aiki ne a kira shi. In na kira kuwa ba dama in faɗa kan aiki kai tsaye, ya taɓa ce min ko ɗan aike yana gaisuwa. Sai na tambayi kwanansa, na tambayi Hajiya, na tambaya ko ya ci abinci, na saurari labarin cunkoson hanya, na yi dariya a inda ya kamata a yi dariya, sannan in lallaɓo in ce, Yaya, na tura ɗan gyara. Ranar da hirar ta yi masa daɗi, kafin in ajiye waya ya tayar. Ranar da ya ji kamar sauri nake yi, sai ya ce shaguna sun cika da ciniki, in sake kira da yamma. Da haka na koyi muryar da take tayar da saba. Murya ce mai laushi, mai ja, wadda ni kaina idan na ji ta tana fita daga bakina nakan ji kunya.

Matsalar ita ce bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da kicin.

Ran nan na fito ɗiban ruwa na tarar da Umma tana yanka albasa tana murmushi ita kaɗai. Na san ba albasar take yi wa ba.

"Auta, har yaushe za ki yi ta wahalar da yaron nan?"

"Wane yaro, Umma?"

"Wanda kike tambaya ko ya ci abinci. Ni da na haife ki ba kya tambayata."

Na ce aiki ne. Na jawo kujera na zauna, na zayyana mata saba da hadda da makulli, har da kwatance da hannu. Ta bari na kai aya, ta goge hannu da gefen zaninta, ta ce ita dai ta yi 'yan matanci kafin a san za a haife ni, ba ta taɓa jin an yi wa inji irin wannan dariyar ba. Ta ce jan aji ado ne, amma idan ya yi yawa rainin hankali ne.

Ba ta tsaya nan ba, ta kai wa Abba. Abba ba mai tilasta wa 'ya'yansa ba ne, yayyena kowa da kansa ya kawo nasa. Ya kira ni falonsa, ya ninke jaridar da ke hannunsa, ya tambaye ni a natse ko gaskiya ne kullum muna waya. Na ce e. Ya tambaya wa yake kira. Na ce ni. Ya tambaya ko ya taɓa yi min wani abin da bai dace ba. To me zan ce? In dubi mahaifina in ce ba ya tayar min da saba? Na ce a'a. Abba ya gyaɗa kai, ya ce Hajiya ta aiko za ta zo ranar Asabar a yi maganarmu. Idan ina da wata magana in faɗa kafin ranar, kada in bari manya su zauna sannan in kunyata uwata a gaban aminiyarta. Na fito. Duk amsar da na ba shi gaskiya ce, amma da aka haɗa su wuri ɗaya sai suka ba da ƙarya.

Wasu za su ce in kai ƙara wajen Oga, mai kamfanin. Na gwada tun tuni. Oga mutumin kirki ne, amma iliminsa na kwamfuta ya ƙare a kan tura saƙon murya. Da ya ji kalmar saba sai ya ce mu daidaita da Injiniya, shi ya san kayansa.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba a gidan nan. Akwai Mai Magani.

Na san za ku ce ai dama, ga dalili ya fito. Ku yi haƙuri, babu komai tsakaninmu, ko kalma ɗaya ba a furta ba. Mai wani shago ne cikin masu amfani da manhajarmu. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da aka tura ni in koya wa masu shaguna yadda ake shigar da kaya. Farar rigarsa ta aiki da tabon biro a aljihu, hannun rigar a naɗe, yana ɗaga kowace kwalba sama ya karanta kamar tana bin sa bayani. Ya yi ta jero min tambayoyi har kowa ya watse. Tun daga nan, duk abin da ya gani a karkace sai ya turo min, kuma ba ya turo matsala ba tare da ya haɗa da ɗan abin dariya ba. Nakan karanta saƙonsa in gyara abin da ya ce, in dawo in sake karantawa babu gaira babu dalili.

Litinin da hantsi ya turo hoto. Kwalbar maganin zazzaɓi ce na yara, na ruwa, ya jingina ta da fuskar kwamfuta.

"Malama mai manhaja, barka da hantsi. Kwalba ta ce wa'adinta ya ƙare tun watan jiya. Kwamfutarki ta ce tana nan garau, har da koren launi. Ni dai na yarda da kwalba, kada ki ji haushi."

Kafin in gama murmushi wani ya shigo.

"Ni ina duba kwalba. Masu tsaron wasu shagunan kuwa kore kawai suke dubawa."

Na buɗe manhaja na bi ta, ban daɗe ba na gano. Idan aka shigar da sabon kwali na magani alhali tsoho bai ƙare ba, sai ta ɗauki wa'adin sabon ta lulluɓa wa tsohon. Kafin azahar na gyara, na gwada a kwamfutata, jan launi ya fito yadda ya kamata. Na tura. Na gyara zama, na gyara murya, na kira Injiniya.

Bai ɗauka ba.

Na san dalili. Ranar Lahadi ya tambaye ni me Hajiya za ta ji idan ta zo, na sake ce masa ya ba ni lokaci, ya ce to, irin to ɗin nan da ba ta da gishiri. Na sake kira, na kuma kira. Can ya rubuto, shi da ba ya son saƙo: "Ina mitin." Na tura masa hoton kwalbar, na rubuta cewa maganin yara ne. Sai da rana ta yi sanyi ya amsa.

"Na ga kiranki. Idan kin shirya mu yi maganar da ta fi wannan, ina nan."

Na kira Oga. Ya ce Injiniya ya riga ya sanar da shi makon nan akwai ciniki sosai, sai ƙarshen mako za a taɓa saba. Na ce to a aika wa shaguna sanarwa su riƙa duba kwalba da ido. Ya ce kada in tayar wa mutane hankali su gudu su bar mu. Na ajiye waya. Na rubuta wa Mai Magani cewa na gyara amma gyaran bai hau ba tukuna, don Allah ya faɗa wa duk mai shagon da ya sani. Ya ce an gama, amma me ya hana gyaran hawa, taya ce ta fashe masa a hanya? Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Na tura fuskata cikin filo don kada kicin ya ji.

Haushi ne ya kai ni bincike. Washegari ban karya ba, na zauna na buɗe littafin bayanin sabar da ban taɓa damuwa da shi ba, tunda an ce min ba hurumina ba ne. Na karanta tambayoyin mutanen da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ashe abin yana da magani, kuma layi ɗaya ne tak. Akwai fayil na saiti a cikin jakar manhajar, jakar da ni nake da ikon taɓawa. Idan ka rubuta layin nan a ciki, ka gaya wa saba ke nan ta riƙa leƙa jakar da kanta. Da ta ga sabon abu sai ta saki tsohuwar hadda ta ɗauki sabuwa, ba a kashe ta ba, masu ciniki ko a jikinsu.

Na kafa ƙaramar saba a kwamfutata na gwada. Na canza launin wani maɓalli daga shuɗi zuwa rawaya, na tura, na naɗe hannu. Ban taɓa komai ba ya koma rawaya. Na mayar da shi shuɗi, ya koma. Na yi ta yi kamar yaron da ya gano makunnin fitila. Wallahi sai da na tashi na taka rawa tsakanin gado da tebur, har na buge gwiwa.

Ina zaune ina murza gwiwar abin ya faɗo min. Shi kansa layin gyara ne. Saba ba za ta san da shi ba sai an tayar da ita. Ina buƙatar tayarwa ɗaya, ta ƙarshe, kuma daga hannun mutumin da layin zai raba ni da kiransa.

Na cusa layin a tsakiyar fayil, na haɗa shi da gyaran magani da wasu 'yan ƙananan gyare-gyare don ya ɓace a cikinsu, na tura. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da muke. Na rubuta: "Yaya, ka zo gida gobe mu yi magana. Ka taho da kwamfutarka." Ko ajiye wayar ban yi ba amsa ta shigo: "Bayan la'asar."

Na san yadda Umma za ta karanta wannan gayyata, kuma haka ta karanta. Tun safe ta canza rigunan kujeru, ta turara falo har ido yana yaji, ta sauko da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai an yi baƙon da ake ji da shi. Na fito da doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya wa ya rasu. Ta shiga ɗakinta ta ɗauko wata ruwan ganye mai aiki a wuya da hannu, wadda ta daɗe tana ajiye min, ta tsaya a kaina sai da na saka, ta miƙo kwalli. Na dubi madubi na ga yarinyar da ta yi kwalliya don saurayinta. Babu wanda zai ga wannan ya yarda da maganar saba.

Injiniya ya zo a kan lokaci, da farar riga mai dogon hannu, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya gaida Umma har ƙasa. Da kanta ta kawo lemo da ruwa, ta ce bari ta ba mu wuri, ta saki labule ta shige, amma ban ji takunta ya yi nisa ba.

Na gaishe shi da muryar nan. Na tambayi Hajiya. Na zuba masa lemo. Sannan na ce kafin komai, don girman Allah ya tayar da saba, maganin yara ne, kowace awa wata uwa tana iya saya ta ba ɗanta.

Ya buɗe kwamfuta a kan gwiwarsa ba gardama. Ya danna nan ya danna can, ina kallon yatsunsa ina ƙirga numfashina. Sai ya gyara tabarau, ya juyo da fuskar kwamfutar gabana. Ga layina nan, ya ja masa haske.

"Wannan fa?"

Na ce ɗan saiti ne kawai, don a rage masa wahala.

Ya yi murmushi. Ya buɗe wani fayil, babban saitin sabar, wanda ba ni da ikon gani. Ya gangara ƙasa ya tsaya. Layin ne dai, harafi da harafi, sai dai an sa masa alamar da take sa saba ta tsallake shi kamar babu.

"Da a kunne yake," ya ce. "Wanda ya riƙe manhajar nan kafin ke bai taɓa kirana don ya tura gyara ba. Ni na kashe shi, satin da kika fara aiki."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon layin ba. Duk kiran nan suka dawo min. Ranar da nake kwance da zazzaɓi na tashi na gyara murya. Ranar da na baro bikin ƙawata na laɓe a bayan mota ina tambayarsa ko ya ci abinci. Ranakun da masu shaguna suka zage ni a kan abin da na riga na gyara. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

"Me ya sa?"

"Kafin ki fara aikin nan kin taɓa kirana? Ko sau ɗaya?"

Ban taɓa ba. Ya san ban taɓa ba.

"Ban cuce ki ba, Auta. Ban taɓa barin gyaranki ya kwana da yawa ba. Muryarki kawai nake son ji."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babu alamar kunya a fuskarsa. Yadda wani zai ce ya yi tafiyar ƙafa cikin ruwan sama don ya gan ki, haka ya faɗe ta. Ya ce maganin yara kam yanzu zai tayar, ba sai na roƙa ba. Saura layin. Idan Hajiya ta zo Asabar ta koma da farin ciki, layin nawa ne, har makullin ma, me zai sa ya hana matarsa? Idan kuma har yanzu lokaci nake so, ba komai, shi mai haƙuri ne, sai mu ci gaba yadda muke.

Na duba ta nan, na duba ta can. Idan na ce a bar layin, na amsa ke nan. Idan na ce a cire, zan ci gaba da kira safe da yamma, gidan nan kuma ya riga ya fassara kiran. Duk ƙofar da na tura, shi ne a tsaye a bayanta.

"Tayar da maganin," na ce. "Cire layin."

Ya goge shi a gabana, ya danna. Muka zauna muna kallon rubutu yana gudu a baƙar fuska, lemo yana hucewa a kofi. Wayata ta yi motsi a cinyata. Mai Magani ne, da hoton kwalbar nan, yanzu ja ya fito a gefenta.

"Kwamfutarki ta tuba. Allah ya biya ki, Malama."

Da na ga wannan jan launi sai na ji wani ƙarfi ya zo min. Yaran sun fita daga hannun Injiniya, saura ni. Na ɗaga murya, muryata ta gaskiya, na kira Umma. Ba ta ɓata lokaci ba wajen shigowa, tunda ba nisa ta yi ba.

Na miƙe tsaye na faɗa mata komai. Na ce kiran nan da take ji ba so ba ne. Akwai hanyar da aikina zai tafi ba sai na kira kowa ba, tana nan tun kafin in zo, shi ya toshe ta da hannunsa satin da na fara, don dole in riƙa neman sa. Na ce ta tambaye shi, ga shi nan zaune. Ina magana hawaye yana wanke kwallin da ta sa ni na saka.

Umma ta juya ta dube shi. Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Umma."

Na jira. Na san Umma idan ranta ya ɓaci, maƙwabta ma suna sani. Sai na ga ta ɗora hannu a ƙirji, idonta ya kawo ruwa, fuskarta ta yi laushi irin yadda take yi idan aka miƙo mata jariri.

"Allah sarki," ta ce. "Duk don ya ji muryarki?"

"Umma, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Ke ce ba ki gane ba. Wasu suna neman mai ɗaga wayarsu sun rasa, ke kin samu wanda ya birkita inji guda saboda ke, kina kuka."

Ta sa gefen mayafinta ta goge min fuska, ta ce in je in wanke ido kada Abba ya dawo ya ga kamar an yi min wani abu. Ta ƙara wa Injiniya lemo. Tun kafin ya gama zuge jakarsa ta ɗauki waya ta kira Hajiya, ina jin ta tana cewa zo ki ji abin da ɗanki ya yi, suna ta dariya. Shi kuma a bakin ƙofa ya tsaya ya sa takalmi a natse, ya ce min in huta, na gaji.

Na koma ɗaki na cire rigar, na jefa ta kan gado. Ina zama wayata ta sake motsi.

"Malama, kada ki ce na cika fitina. Na ruwa duk sun gyaru. Amma alluran da ke cikin firiji har yanzu kore suke nunawa, na samu biyu da wa'adinsu ya wuce."

Na buɗe kwamfuta. Gaskiyarsa, kayan firiji ta wata hanya daban suke bi, gyarana bai kai can ba. Kafin a kira magariba na gama, na gwada, na tura. Gyaran yana can yanzu kwance a kan saba, allurai kuma suna cikin firijin shagunan mutane da koren launinsu.

Wayata tana kan tebur, lambar Injiniya a buɗe. Umma ta leƙo ta ce ɗakin ya yi zafi, ta wangale min ƙofa, ta koma falo ta zauna, ta rage ƙarar talabijin.